Yakuwar Inna a Glenwood

Glenwood, 3 ga Nuwamba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Yakuwar da na shuka a nan ƙasar waje da irin marigayiya Inna tana cikin hatsari. Wauta na yi, na jira watan da muke shuka a gida. Jiya da safe raɓa ta daskare a kan ganyen, fari fat kamar gishiri. Saman ya ƙone, gurguzun kuma bai ƙosa ba.

Maƙwabcina, wani tsoho Sylvanus, ya hana ni tugewa. Wai bayan sanyin farko zafi kan dawo na 'yan kwanaki, sai dai in riƙa lulluɓe ta da zanin gado. Hasashen yanayi a wayata kuwa sanyi kawai yake nunawa. In tuge in shanya a ɗaki ko in jira? Tsoro nake ji.

'Yarka,
Ruƙayya

Malumfashi, 4 ga Nuwamba

Ruƙayya,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi.

Yau na ji abin mamaki. Sanyi ke ƙona ganye? Kin taɓa raɓar da hannu? Na ba abokina Malam Abdulmuhaimin labari, ya ce boko ya fara taɓa ki.

Ni ban san samanku ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ki tambayi tsohon me ya gani. In ya ce ji ya yi, ki tuge. In ya nuna miki abu da yatsa, ki jira.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Glenwood, 15 ga Nuwamba

Baba,

Bayan gaisuwa, na tambaye shi. Ya ja ni bayan gida ya nuna mini hayaƙin maƙwabta ya karkata arewa, wato iska ta koma daga kudu. Sai na jira.

Kwana biyu shiru. A na uku sai ga ɗalibai a kan keke da gajeren wando! Kwana takwas ana rana. Rabin yakuwar ta mutu, sauran gurguzun ya yi baƙi ya fashe da kansa. Na cika gwangwanin madara, na zauna a ƙasa na yi ta kuka.

Raɓar kuwa narkewa take a yatsa.

A huta lafiya,
Ruƙayya

Malumfashi, 16 ga Nuwamba

Ruƙayya,

Alhamdu lillahi. Ki gaishe mini da manomin nan.

Irin da Innarki ta bari a nan ɓeraye sun cinye shi tun bara. Na ɓoye miki don kada ki karaya. Ki aiko mini ko cokali ɗaya kafin damina.

Babanki