Fayon Ma Yana da Suna

Haɗeja, cikin Agusta

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zaman ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau, Inna da Baba suna gaishe ka. Kogi ya cika ya tumbatsa, shinkafar Baba ta fadama kanta kawai ake hangowa.

Na koma rubutu a takarda ina turo maka hotonta, don a waya gaisuwa kawai muke yi. Tun da jaririyarmu ta koma kafin ranar suna, kowa a gidan nan ya ja bakinsa ya tsuke. Inna ta ce 'yar fari ce, kunya ta hana a gan ni ina kuka. Kai kuma da na ɗauko zancen sai ka ce injinku na binciken kimiyya ya tsaya, ana nemanka. Wannan shirun yana ci mini rai.

To na ji. Tunda injin nan kaɗai kake iya zancensa, zauna ka gaya mini abin da yake yi. Maƙwabta na tambaya, ni kuwa sai in ce mijina yana harbin abin da ba a gani da wani abin da ba a gani. Zainaba ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ka yi mini bayani da Hausa, ka san yadda na gudu daga ajin lissafi.

Matarka,
Bashira

Haɗeja, cikin Satumba

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata murar ta sake ka. Ruwa ya fara ja, masunta sun cika bakin gada, tarwaɗa ta yi araha har Inna ta gaji da ƙyafewa.

Amsarka ta iso, shafi guda cur, ashe kana da baki! Ga abin da na gane, in na kauce ka gyara. A tsakiyar kowace ƙwayar abu akwai wani ɗan mitsitsi, furoton, shi ma da nasa kayan cikin, amma ba wanda ya taɓa fito da su ya gani. Sai ku harbe shi da wani ɗan mitsitsin daban, ilaktaron, a guje, wani abu mai suna fayon ya yi tsalle ya fito, ku auna inda ya nufa da ƙarfinsa, daga nan ku san tsarin cikin.

Na ce wa Zainaba ai irin masu sayen shinkafa ne a kasuwa, da suke soka wa buhu ƙarfe su ga ƙwayar da ta zubo. Sai na sake karantawa na ga ba haka ba ne, ka ce fayon ɗin ba a ajiye yake a ciki ba, bugun ne ke haifar da shi. To yaya wanda aka haifa yanzu yake ba da labarin gidan da ya fito? Ina wanke-wanke ina tunanin nan har tukunya ta suɓuce mini.

Amma wurin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarshen shafin. Ka ce irin fayon ɗin da kake aunawa ba ya ko kaiwa ga na'urarku. Kafin ƙiftawar ido ya rasu, ya zama ɗigon haske biyu, su kuke kamawa ku tabbatar ya zo. Duk da haka kun raɗa masa suna, kuna ƙirga shi, manyan mutane na barin iyalansu saboda shi.

Tamu ta fi shi daɗewa. Ta yi kuka, ta sha nono, ta riƙe mini yatsa. Na san ka faɗa wa Baba suna ta waya, ya yi mata huɗuba a kunne, ana jiran ranar suna a sanar da mu mata. Ranar ba ta zo ba. Na tambayi Baba, ya sunkuyar da kai ya ce amanarka ce. In zan yi mata addu'a ban san me zan kira ta ba. Ina roƙonka ka gaya mini. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba, amma kada ka sake ce mini injin ya tsaya.

Matarka mai kewarka,
Bashira

Haɗeja, cikin Oktoba

Zuwa ga Baban Mairam,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya. An fara yankan shinkafa, abin da ruwa ya bari ya yi kyau.

Saƙon muryarka ya zo ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Na ji yadda ka fara ka kasa, ka sake farawa. Ban taɓa jin kukanka ba sai ran nan, kuma ban ga laifinka ba. Ashe sunan mahaifiyarka ka ba ta, shi ya sa ya yi maka nauyi.

Na kunna saƙon Inna na kusa. Na zaci faɗa za ta yi, sai ta zauna kan turmi. Can ta gaya mini kafin ni ta haifi namiji, shi ma bai kai suna ba, kuma har yau ba ta san sunansa ba. Da Baba ya dawo daga masallacin la'asar ta tare shi a zaure ta tambaye shi. Bai manta ba. Sa'idu ne.

Har yanzu ba ka amsa mini yadda fayon yake sanin cikin furoton ba, kada ka zaci na manta. Ka rubuto, ka cika shafi biyu wannan karon.

Taka har kullum,
Maman Mairam