Turken Kwamin Tambara

Bangi, ran Litinin, goma ga watan Rajab.

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Takarda ta fito daga hannun mahaifiyarka Tabawa zuwa ga ɗana Tsoho, soji a Dakar. Gaisuwa mai yawa da sa albarka, da roƙon Allah Ya tsare ka daga wutar yaƙin nan na Anasaru, Ya maido mana kai da ƙafafunka. Mu nan lafiya lau muke. Gero ya yi kai a gonar tudu, dawar fadama ce dai ta sha tsuntsu. Matarka Biba tana lafiya, ɗiyarka Cima kuma ta warke sarai, sai ɗan tabo a kafaɗa wanda bai kai tsawon yatsa ba. Jiya ma sai da na raba ta da 'yan awaki, tana hawan su. Idan ka ga baƙaƙena suna hawa da gangara ka yi haƙuri, ka san sai da furfura ta fito mini Gogo Hamsatu matar liman ta koya mini riƙe alƙalami. Na ƙi zuwa wurin mai rubutun kasuwa ne don ina so ka ji maganar nan daga hannuna, ba wanda ya ƙara mata ko ya rage.

Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku. Ka ce labari ya same ka ta bakin Gajere, ɗan garinmu da ya iske ku can, cewa ƙanenka Ɗangana ya yi sakaci har ɗiyarka ta shiga ragar zakanya. Ka ce a kwashe Biba da Cima a kai su Tabotaki wurin iyayenta, ka ce kuma daga yau ba ka da ƙane. Gajere bai yi ƙarya ba, abin da garin ke faɗi a lokacin ya kai maka. Amma garin bai san gaskiya ba. Ni na san ta, kuma ga ta nan daga farko.

Bayan tafiyarka wani Anasara ya sauka bayan gari, wanda muke kira Mai Lofe don lofen taba ba ya barin bakinsa. Sana'arsa tara namun daji, idan sun yi yawa ya zuba su a mota a kai bakin teku, wai a ƙasarsu akwai gidajen da ake ajiye su mutane su riƙa zuwa kallo. Ya kafa raga-raga da gumagumen giginya, ya sa jiminu da bareyi da kura guda. Ya ɗauki Ɗangana aikin ba su abinci. Daga baya maharba suka kawo masa 'yar zakanya daga wani daji mai nisa, ba ta fi kyanwa girma ba. Ƙanenka ya raine ta da nonon akuya a cikin ludayi, ya sa mata suna Tambara. Ta girma a hannunsa shekara biyu. Da ya yi gyaran murya daga nesa sai ta miƙe ta zo tana goga kai a jikin itace. Ran kasuwa mutane kan cika wurin, har daga Azarori ake zuwa. Tun farko Ɗangana ya roƙi Mai Lofe a kewaye ragar da shingen ƙaya, taku biyar daga itacen, don 'yan kallo su daina matsowa. Anasara ya ce sai bayan damina.

To, ka san abin da tsofaffi ke cewa a kan gashin goshin zaki, cewa idan aka ɗinke shi a laya namiji ya ɗaura, abokin gaba ba ya iya tsayawa gabansa. Tun da aka ɗauke ka soji ban yi barci mai daɗi ba. Kowane labari ya zo daga Madawa sai in fita in tambaya ko an ambaci sunanka. Na roƙi Ɗangana ya tsinko mini gashin ko sili uku ne. Ya yi dariya, ya ce in da gashi na tsare harsashi da maharba ba su kashe uwar Tambara ba, ya ce kuma idan ya ba ni, gobe duk matan Bangi za su yi layi. Na sake roƙonsa, ya sake hana ni. Sai na ƙudurta a raina zan ɗebo da kaina.

A bayan ragar akwai wata 'yar kafa a ƙasa inda ake tura kwamin ruwa. Ana toshe ta da katako, a danne katakon da turke. Na lura a jikin ginshiƙin da ke wurin, ta ciki, Tambara ke goga goshinta, gashi na maƙalewa a zaren giginyar. Ran kasuwa da hantsi Biba ta tafi rijiya ta bar mini Cima, Ɗangana ya tafi wurin mahauta karɓo nama, Mai Lofe kuma yana Madawa. Jama'a duk suna gaba wajen jiminu, zakanyar tana kwance can nesa a inuwa. Na zagaya baya, na sauke Cima daga goyo, na zare turken da hannuna, na ja katakon gefe, na zura hannu na tsinto gashin. Na juya ina ƙulle shi a bakin zanena. Ƙulli ɗaya ne, Tsoho, ban kai ga na biyu ba. Da na waiwayo sai na ga tafin ƙafar ɗiyarka yana ɓacewa cikin kafar.

Ihun da na yi shi ya tara mutane, kuma da na sani da na toshe bakina. Tambara ta taso ta zo ta shinshina yarinyar. Da farko ba ta yi mata komai ba, har ta lashi kanta, Cima tana miƙa hannu za ta kama mata kunne. Amma jama'a suka yi ta kururuwa, wasu suka fara jifa da duwatsu, wani yana kaɗa gwangwani wai don ya kore ta. Nan ta kwantar da kunnuwa, ta ciji rigar Cima ta kafaɗa, ta ja ta a ƙasa zuwa kusurwa, ta ɗora mata hannu a baya tana gurnani. Ana cikin haka Ɗangana ya iso a guje da cinyar akuya a kafaɗa. Ya daka wa mutane tsawa su yi shiru, ba su ji ba. Ya jefa mata naman, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya kira ta da muryar da yake kiranta tun tana shan nono, ta ɗago ta dube shi, har ta fara sassauta hannu, sai wani dutse ya same ta a gindi, ta sake danne yarinyar. Wani maharbi ya ɗana kibiya mai dafi, Ɗangana ya riƙe masa baka, ya ce dafi sai ya zagaya jiki, kafin ta faɗi zafin zai sa ta yaga abin da ke ƙarƙashinta. Ya ruga bukkar Anasara, ya ɓalle ƙofa, ya ɗauko bindigar da aka hana kowane baƙin mutum taɓawa. Ya durƙusa, ya zura bakinta tsakanin itatuwa, ya sake kiran sunanta a hankali. Da ta ɗago kai ta dube shi sai ya harba. Shi ya shiga ya ɗaga hannunta daga bayan ɗiyarka, ya miƙo mini ita ta kafar da na buɗe.

Kafin jikin zakanyar ya yi sanyi mutane sun zaro wuƙaƙe, wannan na son kitse, wancan na son farce, wata na son gashi, kowa da maganin da zai haɗa. Ƙanenka ya tsaya a kanta da bindiga ba harsashi ya ce duk wanda ya taɓa ta sai dai ya fara da shi. Na dube su da wuƙaƙensu, na taɓa ƙullin da ke bakin zanena, na ga ba ni da bambanci da su.

Da marece Ɗangana ya same ni a ɗaki. Ya ga turken a yashe, ya kuma san ba iska ta zare shi ba. Ya ce in yi shiru, zai ce shi ya manta bai mayar ba bayan ya ba ta ruwa. Ya ce shi namiji ne, idan an zage shi wata biyu za a manta, amma idan aka ji kaka ce ta yi, dangin Biba za su ɗauke yarinyar, ni kuma ba zan ƙara zama cikin mata a rijiya ba. Na yarda, kuma wannan ne laifina na biyu. Mai Lofe ya dawo ya yi ta faɗa, ya ce an riga an yi wa zakanyar wuri a jirgin ruwa, ya kori ƙanenka daga aiki, da ƙyar mai gari ya roƙa aka bar maganar bindiga da ƙofa.

Har yau ana gardama a garin. Wasu na cewa da an ƙyale ta da ta saki yarinyar, tun da ta lashe ta, ai ɗaukar ta ta yi kamar ɗiyarta. Mai yiwuwa ne. Ni ma na ga lashin da idona. Amma na ga tsawon haƙoranta kusa da wuyan Cima, na kuma ga yadda hannunta ɗaya ya rufe bayan yarinyar duka. Ko wasa ta yi nufi, wasanta ya isa ya karya ta. Masu cewa a jira ba 'ya'yansu ne a ƙarƙashinta ba, kuma cikinsu akwai waɗanda suka yi jifa. A kan wannan ba ni da shakka ko kaɗan: Ɗangana ya yi daidai, kuma duk ƙasar Adar ba wanda harbin ya fi yi wa ciwo kamar shi. Amma ban yarda da masu cewa ai dabba ce kawai ba. Tambara ba ta fito ta nemi kowa ba. An ɗauko ta daga dajinta, an kulle ta don mu yi kallo, an ƙi yi mata shingen da zai raba ta da mu, sannan wata tsohuwa ta buɗe mata ƙofa. Na tambayi liman ta bakin Gogo Hamsatu, ya ce ran ɗan Adam yana gaba, babu zunubi a kan wanda ya harba, amma dabba ma tana da hakki kuma za a tambayi wanda ya ja mata. Na san wa za a tambaya. Ina istigfari, na kuma ba da sadakar akuyata ja. Yanzu Mai Lofe ya sa an yi shingen ƙaya kewaye da ragar kura, wuni ɗaya aikin ya ci.

Wata biyu ƙanenka yana ɗauke da laifina. Ya rame, ba ya zama dandali, idan ya ga yara na wasan zaki sai ya sauya hanya. Duk da haka bai taɓa ɗaga mini ido ba. Ranar da takardarka ta zo ya ji abin da ka ce, ya ɗauki kwashen noma ya tafi gona, bai dawo cin tuwo ba. A ranar na ga shiruna zai raba mini 'ya'ya biyu da suka rage mini cikin bakwai. Washegari na yafa zane na tafi ƙofar mai gari lokacin da dattawa ke zaune, na faɗa da bakina cewa ni na zare turken. Daga nan na wuce wurin Mai Lofe na faɗa masa ta bakin tafinta. Ya cire lofe ya ce Ɗangana na iya komawa wurin jiminu. Har yanzu ƙanenka bai ce zai koma ba, ni ma ban matsa masa ba. Biba ta yi kuka, kwana uku ba ta gaishe ni ba, kuma tana da gaskiya. A na huɗu ta miƙo mini Cima ta ce in yi mata wanka. A rijiya ana yin shiru idan na iso. Ina jan ruwana in tafi, kuma abin bai kai nauyin da na zata ba.

To ga abin da nake so. Idan har yanzu kana son a kai iyalinka Tabotaki, ka ce saboda ni ne, ni da kaina zan ɗaure musu kaya ba tare da gardama ba. Idan za ka yi fushi, ga inda ya kamata ya sauka, zan iya ɗauka. Amma maganar da ka faɗa a kan ƙanenka ka janye ta, kuma a rubuce, yadda ka yi ta a rubuce. Gashin nan ba zan aiko maka ba. Na kwance ƙullin na ba Ɗangana, ya sa a aljihu. Kai na bar ka a hannun Allah, wanda da shi ya kamata in tsaya tun farko.

Biba tana gaishe ka, ta ce yadin da ka aiko ya iso. Cima ta iya cewa Baba, tana faɗa wa duk mai jar hula irin ta soji. Gogo Hamsatu da liman suna yi maka addu'a, kawunka Almu da Mairamu matarsa suna gaisuwa. Ka gai da Gajere, ka ce ban riƙe shi da komai ba, ka gai da duk 'yan Adar da ke tare da kai.

Gobe da sassafe Ɗangana zai kai takardar nan Madawa da ƙafa don a sa ta cikin jakar wasiƙun Dakar. Bai tambaye ni abin da ke ciki ba. Ranar da amsarka ta zo, shi zan aika ya karɓo ta, shi zai riƙo ta tun daga can har gida. Ka san abin da za ka sa a hannunsa.

Allah Ya yi maka albarka. Wassalam.

Ni ce innarka, Tabawa.