Igiyar da ta fito a hoto

Asabar, bayan isha'i. Birnin Kebbi.

Yau muka tahi Argungu tuƙin kwalekwale da 'yan ƙungiyarmu, kuma ni na matsa a ɗauki ƙanena Bashiru da kekensa na guragu. Sati biyu yana ɗaga jarkar ruwa, wai hannu ya yi ƙwari. Ni kuwa hoto nike so, a sa a shafinmu a ga ba mu ware kowa ba.

Muka ɗora shi cikin jirgi, na miƙa mai filafili, aka ɗauki hoto. Sai na saki bakin nan nawa na kasuwa: ruwa ya yi ƙarfi, masunta sun hana. Wallahi babu wanda ya hana, ɗawainiyarsa na ƙi. Muka bar shi gindin mangwaro yana tsaron takalmanmu.

A mota ya ce, "Yaya, hoton ya yi kyau. Amma ka yanke gefen, igiyar da aka ɗaure jirgin ta fito."

Na yanke, na sa. Tun magariba ake ta sa mini albarka. Shi kuwa yana ɗakinsa, ina jin shi yana ɗaga jarkar nan.