'Yar Bindigar da ke Ƙasan Akwatin Malam

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Yau muka buɗe akwatin ƙarfen Malam, marigayi maigidana, ni da ɗana Abdulrasheed, tunda an wuce arba'in, dangi sun fara zancen gado. Manyan riguna, huluna, kwalaben turaren da suka ƙafe. A can ƙasa, cikin tsohon rawani, sai ga 'yar bindiga. Da kaɗan ta fi tafin hannuna.

Malam Dalhatu mai yadi, wanda ko ragon layya sai ya kira mahauci. Sama da shekara talatin ina share ƙarƙashin akwatin nan.

Laraba, 18 ga Yuni

Abdulrasheed ya wuni yana latsa waya. Wai Turawa na sayen irinta da tsada, kayan tarihi ce. Na ce a ina zai sayar, a kasuwar Pantami? Bai yi dariya ba. Na san hayar gida ta sha masa kai, ga Saudatu matarsa da tsohon ciki.

Ni ba kuɗinta ne ya dame ni ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Ina takaba, ba fita, don haka Baba Gilbert ne ya zo. Maƙwabcinmu ne, mutumin Kaltungo, ya yi aikin ɗan sanda a ma'ajiyar makamai har ya yi ritaya. Ya zauna a zaure, ni ina bayan labule ina leƙe.

Kafin komai ya zare gidan harsashi, ya leƙa cikinta, babu komai. Ya goge gefenta da man keken ɗinki har rubutu ya fito. Ya ce a ƙasar Sifaniya aka ƙera ta, a wani gari Eibar, wataƙila tun kafin yaƙin duniya na biyu. Ƙananan maƙera ne suka yi ta zubo irinta, ta sakawa a aljihu, wannan ko sunan sanannen kamfani babu. Ga tsatsa, ga mariƙi a tsage.

Abdulrasheed ya tambayi nawa za ta yi.

"A Turai ma ba za ta saya maka tsohon babur ba. A nan kuwa, ba lasisi, kuɗinta gidan yari ne."

Sai Baba Gilbert ya kwance ta, ya duba cikinta. Ya ce, "Hajiya, wannan ba ta harbi. An cire 'yar ƙusar da ke dukan harsashi. Ba karyewa ta yi ba, mai hannu ne ya zare ta."

Lahadi, 22 ga Yuni

Wa ya ba shi? Wa ya cire?

Alhamis, 26 ga Yuni

Oga Onwuka ya zo da buhun shinkafa. Shagonsa na kayan keken ɗinki yana jikin na Malam tun kafin aurenmu. Ya tsufa ƙwarai cikin 'yan makonnin nan. Abdulrasheed ne ya yi suɓutar baki ya ambaci bindigar. Na ji kujera ta motsa. Oga Onwuka ya roƙi yaron ya ba mu wuri.

Ashe bindigar tasa ce. Ta mahaifinsa ce, wani Bature ɗan kasuwa ya bar masa.

Shekarar da bam ya tashi a tasha, Suhaibu autana ya je kai saƙon yadi bai dawo ba. Ni na yi kukan da har muryata ta tafi. Malam ko ɗigo. Ya karɓi gaisuwa, ya koma kasuwa, in na fara sai ya ce, "Bilkis, haƙuri." Na ɗauka dutse ne a ƙirjinsa. Ban taɓa faɗa masa ba, amma tun daga lokacin na rage zama a ɗakinsa, shi kuma bai tambaya ba.

Oga Onwuka ya ce bayan rasuwar Suhaibu da 'yan makonni Malam ya nemi aron bindigar, wai don tsaron gida. "Hajiya, na kalli idonsa, ba idon mai tsaron gida ba ne. In na hana shi, zai nema a wani wuri. Sai na ce ya dawo gobe."

Kafin goben ya zare ƙusar, ya jefa a kwata.

Bayan kwanaki Malam ya tafi gonarsa ta bayan Kagarawal shi kaɗai, ba lokacin noma ba. Da la'asar ya shigo shagon Oga Onwuka, riga duk ƙasa, ya zauna a bayan kanta. Abin da ya ce kawai, "Ta ƙi." Sannan ya fashe da kuka, irin na yaro, har sai da aka ja ƙofar shagon.

"Ya gane ni ne na cire ƙusar. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma haka. Na ce ya dawo da ita, ya ce a'a, yana so ya riƙa ganinta yana istigfari."

Na ce me ya hana Malam gaya mini.

"Ya ce kukanki ya ishe ki."

Juma'a, 27 ga Yuni

Ina ta ƙoƙarin tuna ranar. Wace miya na yi? Na wanke rigar nan mai ƙasa, dole ni na wanke, ina mita wataƙila. Na kasa tunawa.

Allah Ka yafe masa wannan wunin. Bayansa ya yi shekara goma bai bar sahun gaba ba, Kai ne shaida.

Talata, 1 ga Yuli

Baba Gilbert ya raka Abdulrasheed ofishin 'yan sanda, suka miƙa ta. An yi musu tambayoyi, an rubuta, an sallame su. Kafin nan sai da na tambayi Oga Onwuka ko yana son kayan mahaifinsa, ya ce ko a mafarki.

Yaron ya dawo yana cewa an yi asara. Ban gaya masa komai ba. Ban sani ba ko zan gaya masa.

Asabar, 5 ga Yuli

Ba abin rubutawa. Na jima a ɗakin Malam.

Laraba, 16 ga Yuli

Saudatu ta sauka jiya da hantsi, namiji, lafiya lau. Ban je ba saboda takaba, a waya na gan shi, jajir, da manyan kunnuwa.

Abdulrasheed ya zo da yamma, ya durƙusa. Ya ce ya san burina tun tuni, in Allah ya ba shi namiji a mayar da Suhaibu. Gaskiya ne, ni na sha faɗa.

Na ce, "Sa masa sunan babanka."

Ya ɗago ya dube ni. Na ce na gaba sai a sa Suhaibu, ai ba a gama haihuwa ba. Na tashi na shiga kicin kamar akwai abu a wuta.

Yanzu sai neman sunan da zan riƙa kiransa, tunda bakina bai saba da wancan ba.