Makullin Shago Ya Koma Hannun Sani

Kawu Isuhu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya iyali da zaman Kwatano? Mu nan lahiya lau.

Kawu, a tsorace nake. Da na ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, na zaɓi karatu mai digiri biyu, kasuwanci da hulɗar ƙasashe. Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Mai digiri biyu me zai yi da shago?" Ya miƙa wa ƙanena Sani makulli. Yanzu ga yajin aiki, ga sojoji a ƙofar jami'a, ana cewa bana ma ba karatu.

Ka gaishe da Inna Hajo da yara. Ka sa ni a addu'a, kada in dawo Maraɗi ba digiri ko ɗaya, in zama yaron shagon Sani.

Ɗanka,
Lawali