Baƙuwar da Ke Cikin Hotonmu

Ya kai hasken idona, sanyin zuciyata, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa, maigidana kuma gwanin masu ɗaukar hoto,

Gaisuwa mai tarin yawa daga matarka, in har za ka iya gane ta. Na zaɓi rubutu ne domin in na tsaya gabanka da baki, murmushin nan naka kake sakar mini, ni kuma sakarya sai in manta abin da ya kawo ni. Shi ya sa na cusa takardar nan a jakar kyamararka, inda na tabbata hannunka zai kai kafin ya kai ga abinci.

Sannu da aiki, rabin raina. Na ga hoton iyali da ka kawo ka kafa mana a falo, cikin firam mai ruwan zinare. Ga ka nan da sanƙonka yana ƙyalli, ba ka taɓa shi ba. Ga Innarka a kan kujera, ga samarinmu biyu sun ƙame, ga Auta a cinyarka tana nuna wa duniya wawulonta. Sai kuma wata baiwar Allah a gefenka, sanye da rigata da ɗankunnena, fuska sumul, hannuwa sumul. Wace ce ita, masoyi? 'Yar gidan wa ce? Ina farin da ya zagaye idona na hagu? Ina wanda ya gangaro daga leɓena zuwa haɓa? Ina na bayan hannuwana, waɗanda suka yi maka wanki da girki duk shekarun nan? Albaras ɗin da likitoci suka yi ta fama da shi, mayuka suka ƙare, masu saiwoyi suka ɗaga hannu, kai ka warkar da shi a zama ɗaya gaban kwamfuta kana kurɓar shayi. Ashe da babban likita nake zaune ban sani ba.

Inna kanta, wadda a farkon aurenmu ba ta taka gidan nan sai da sabon magani ƙulle a bakin zane, ta gyara tabarau, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe tana dubawa. Da ta gama sai ta ce a kawo mata wanda surukarta ke ciki, ita wannan ba ta san ta ba. Allah ya ja da ran Inna. Kai kuwa kana tsaye kana sosa ƙeya.

Ka tuna ranar da na fara shiga shagonka? Hoton katin aiki na zo ɗauka, na lafta hoda har ina tari. Ka leƙa ta cikin kyamara, ka ɗago, ka miƙo mini hankici ka ce in goge, wai fitilarka ba ta shiri da hoda. Na goge, ina jiran ka kawar da kai yadda kowa yake yi. Ba ka kawar ba. Cewa ka yi in ɗan juyo da ɓangaren hagu, nan ne haske ya fi so. Wayyo ni, da wannan magana ɗaya ka gama da ni, ko ciniki ban yi ba! Daga ranar na yi sallama da hoda. Na koyi tsayawa gaban ɗalibaina ba tare da na naɗe hannu a mayafi ba. Na koyi amsa masu tambaya ko wuta ce ta ƙone ni, da masu janye 'ya'yansu wai kada su ɗauka, in amsa ina dariya in wuce abina. Ina son fatar nan tawa, maigida, kuma a shagonka na fara son ta. To ina ka kai mutumin da ya miƙo mini hankicin nan? Ko shi ma ka goge shi?

Na ji uzurinka, tauraron asubana. Ka ce baƙi sun cika ƙura wa hoto ido, kana so ka hutar da ni. Allah ya saka da alheri, ya bar ƙauna. Baƙin da kullum ni nake buɗe musu ƙofa da wannan fuskar, in miƙa musu ruwa da wannan hannun, su ne hoton bango zai firgita? Na san don so ka yi, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da maƙiyi ne ya yi, da ko takarda ba zan ɓata ba.

Garin neman gira dai an rasa ido. Ka san ɗan farin da ya ɓullo wa Auta a bayan hannu, wanda likita ya ce irin nawa ne. A da nuna wa ƙawayenta take yi da alfahari, wai ita da Ummanta iri ɗaya ne. Jiya da ta dawo makaranta na ji gidan ya yi shiru. Na same ta a bayan ƙofar falo da abin goge fensir, tana dirzar hannun har ya yi ja ya saɓule. Da na karɓe ba ta yi kuka ba. Tambayata ta yi, wai in ta zauna shiru ba ta motsa ba, Baba zai goge mata nata yadda ya goge na Umma, don ita ma ta yi kyau?

Na shafa mata magani, na sauke hoton na juya shi bayan kabad.

Don girman Allah, abin ƙaunata, ka dawo mana da na asalin, da ni a cikinsa yadda Mahaliccina ya ga dama ya yi ni. Ni na girma, zan iya jurewa. Ita ba ta kai ba. Ban ba ta amsa ba, domin amsar ba tawa ba ce. Yau in an tashi makaranta zan biyo da ita shagonka, ka ajiye kyamara ka dubi idonta ka faɗa mata da bakinka. Ta ce in sa mata rigarta mai kyau, ta kuma yi alkawarin ba za ta motsa ba.

Taka ce ni, da farina da baƙina, yau da gobe har ƙasa ta rufe idona,

Maman Auta