Shekarun da Yaya Ya Goge

Yaya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga gyaran da ka yi wa takardar tarihin aikina, wadda za ka miƙa mini a kamfaninku don aikin sito. Ta yi kyau, sai dai ban ga kaina a ciki ba. Ni na jera komai shekara bi shekara: shagon gyaran waya, sito, sai jinyar Baba. Kai ka share shekarun kaf, ka jera "abubuwan da na iya": haƙuri, tsafta, riƙon amana. Sai ka ce tallan sabulu. Ina shekara ukun da na yi ina juya Baba a katifa don kada bayansa ya yi gyambo? Ka huta lafiya.

Ƙaninka

Ƙanina,

Bayan gaisuwa, ina fatan Inna ta ji sauƙin ƙafar. Ka rage zafin kai. Masu ɗaukar aiki leƙa takarda suke yi, ba sa karantawa. Da sun ga wanda ya daɗe ba aiki, sai su ture ta gefe. Tsarin da na zaɓa maka babu ƙarya a ciki, kowa na yin sa. Jinya maganar gida ce, a bar ta a gida. Kana bukatar aikin nan. Allah ya yi jagora.

Yayanka

Yaya,

Muna lafiya, Inna na gaishe ka. Ka ce maganar gida ce. To, a gidan na koyi duk abin da na sani. A gefen gadon nan na karanta tsofaffin jaridu da takardun magani har na iya rubuta maka wannan. Kai ka yi makaranta, ni Baba na yi. Ba zan ɓoye shi kamar wanda ya yi zaman gidan yari ba. Ga tawa nan, da shekarunta a jere. Ka miƙa ta haka, ko ka kunna risho da ita. Wassalam.

Ƙaninka

Ƙanina,

Salamu alaikum. Na miƙa ta yadda ka rubuta. Manaja ya karanta har ƙarshe, ya ce ka zo Litinin a gana. Sai ya dube ni ya ce, "Ashe mahaifinku ya yi doguwar jinya? Ban taɓa jin ka nemi hutu ba."

Ka goge farar rigarka. Ka gaishe da Inna.

Yayanka